Tarihin Michael Faraday, Ɗan Maƙerin da Ya Auna Lantarki

Duk wanda ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya nufi Kakuri zai ga wayoyin lantarki sun miƙe zuwa masana'antu. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a can a 1957, da waɗanda suka biyo bayanta, duk injunansu sun yi aiki ne bisa ka'idar da wani ɗan maƙeri ya gano a Ingila. A wannan ɗan taƙaitaccen bayani za mu duba rayuwarsa, domin akwai abin da ya shafi ɗalibin harshe a cikinta.

An haifi Michael Faraday ran 22 ga Satumba, 1791, a gefen birnin Landan. Iyayensa talakawa ne, saboda haka bai yi nisa a makaranta ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, ya yi shekara bakwai yana ɗinki yana karanta abin da yake ɗinkawa. A 1812 ya halarci laccocin shahararren masanin sinadarai Humphry Davy, ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke shi littafi, ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi mataimaki.

A 1821 Faraday ya nuna cewa lantarki yana iya juya waya a kewayen maganaɗisu, a 1831 kuma ya nuna cewa motsa maganaɗisu kusa da waya yana haifar da lantarki. Wannan shi ne asalin inji mai aiki da lantarki da kuma janareta.

Amma aikin da ya fi jan hankalinmu shi ne na 1833 zuwa 1834. Ya lura cewa lantarki yana ratsa ruwa, amma in ruwan ya daskare sai hanya ta toshe. Sa'an nan ya ƙera wani ma'auni mai tara iskar da ke fita idan lantarki ya wargaza ruwa. Da shi ya tabbatar da abu biyu. Na farko, yawan sinadarin da ke rabuwa yana bin yawan lantarkin da ya wuce. In an ninka wannan, wancan ma ya ninku. Na biyu, kowane sinadari yana da nasa tsayayyen rabo. Daga nan ya fahimci cewa ƙarfin da ke ɗaure sinadarai da juna na lantarki ne. Shi kansa yana ɗari-ɗari da batun ƙwayar zarra, amma awon nasa ne ya sa magada suka gane cewa lantarki ma ƙwaya-ƙwaya yake, abin da J. J. Thomson ya tabbatar a 1897.

Sai dai Faraday ya tarar Ingilishi ba shi da sunayen abubuwan da ya gano. Ya nemi shawarar William Whewell na Jami'ar Kambirij, suka koma ga Girkanci suka ƙirƙiro anod, watau hanyar hawa, da katod, hanyar sauka, da ayon, mai tafiya. Har yau da su ake koyarwa.

Bai yarda a ɗora shi shugabancin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila ba. Ya rasu ran 25 ga Agusta, 1867, aka binne shi a maƙabartar Highgate.

Abin da ya auna a cikin kwalba, yau ana auna shi a kan ƙwayar zarra guda. A 1981, a Zurik ta ƙasar Suwizalan, Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙera na'ura mai tsinin allura wadda ke kusantar abu har ɗan lantarki ya tsallaka, a auna shi. A 1986 aka ƙera 'yar'uwarta mai auna ƙarfin da ke tsakanin tsinin da ƙwayar zarra.

A ƙarshe, ya kamata mu lura cewa Ingilishi ma ba da waɗannan kalmomi aka haife shi ba. Masanin kimiyya da masanin harshe ne suka haɗa kai suka samar da su. Idan muna son yaron Makera ko Barnawa ya fahimci lantarki da harshensa, irin wannan aiki yana jiran mu. Allah Ya sa mu dace.