Jack Johnson, Mai Naushin Haɓa

Mu mutanen Tambuwal da Kebbe mun san dambe, domin da kaka akan buga kalangu, samari su ɗaure hannu da zare. Saboda haka nake so in ba ku tarihin wani gwanin damben zamani, watau Jack Johnson.

An haife shi a Galveston ta Amurka cikin 1878. Iyayensa bayi ne da aka 'yanta. A zamaninsa zakarun Turawa ba su yarda su kara da baƙar fata ba. Sai da ya bi Tommy Burns har Ostareliya, ya buge shi a 1908, ya zama baƙin mutum na farko da ya riƙe kambin duniya na masu nauyi.

Abin da ya fi burge ni dabararsa ce. Ba ya gaggawa. Yakan tare naushin abokin karawa, ya riƙe masa damatsa, in ya gaji ya sunkuyo, sai ya ɗago dama daga ƙasa ta sami haɓa. Gajeren naushi ne, ƙarfinsa daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, kuma ido bai cika ganin zuwansa ba. Da irinsa ya galabaitar da Jim Jeffries a 1910. Haushin wannan nasara ya jawo tarzoma, aka kashe baƙaƙe a garuruwa da dama.

Ya rasa kambin a Kyuba a 1915. An ɗaure shi a 1920 saboda tafiya da Baturiya, hukuncin da ba a yafe masa ba sai 2018. Ya mutu a haɗarin mota cikin 1946.