Malam Umaru Altine: Bafulatanin Sakkwato da ya zama magajin garin Enugu na farko

Duk sanda rikicin ɗan ƙasa da baƙo ya taso a kudu, sai ka ga ana ta yawo da sunan Malam Umaru Altine a Facebook, wai ga shaida da can kanmu a haɗe yake. Labarin gaskiya ne, amma yadda ake ba da shi ya cika zaƙi.

Umaru Altine Bafulatani ne daga Sifawa a lardin Sakkwato. Fataucin shanu ya kai shi Enugu, ya zauna, har ya auri 'yar ƙabilar Ibo. Garin da ya tarar sabo ne. Kwal ne ya kafa shi, tun da aka fara haƙarsa a 1915, jirgin ƙasa kuma na kwasa zuwa Fatakwal. Kusan kowa a cikinsa zuwa ya yi. Bayan 'yan sandan Turawa sun harbe leburori 21 a mahaƙar Iva Valley ran 18 ga Nuwamba 1949, siyasa ta yi zafi a garin, jam'iyyar NCNC ta Dokta Azikiwe ce kuma ke tashe.

Malam Umaru bai tsaya a zango yana jiran a zo neman ƙuri'a ba. Ya shiga NCNC ta ɓangaren matasa, ya yi ta hawa har ya shugabanci reshenta na Enugu. Ku duba lokacin: yawancin manyan arewa suna NPC, talakawa masu ra'ayin sauyi suna NEPU, wadda ma ƙawance take yi da NCNC. Shi kuwa jam'iyyar inda yake kwana yake tashi ya riƙe. Da aka ɗaga matsayin Enugu a 1956, shi aka zaɓa magajin gari na farko, ya riƙe kujerar zuwa 1958.

To, ƙuri'ar wa ta kai shi? Ba ta 'yan arewa ba, don yawansu bai taka kara ya karya ba. Ibo ne suka ɗora shi, su ma kuma ba bakinsu ɗaya ba. Mutanen karkarar da ke kewaye da garin, na Udi da Awgu da Nsukka, waɗanda ake kira Wawa, suna ƙorafin cewa 'yan Onitsha da Owerri, da suka riga su boko, sun kwashe aikin ofis da filaye da rumfunan kasuwa, alhali a kan gonakin Ngwo da Nike aka gina birnin. Su haƙar kwal aka bar musu. A irin wannan zama, a ganina, mutumin da ba ɗan kowane ɓangare ba ne, kuma ya daɗe yana wahalar jam'iyya, ya fi sauƙin karɓuwa. Wannan ba ya rage masa komai; ai ba kowane baƙo ne za a amince masa da majalisar gari ba.

Ƙorafin Wawa bai kwanta da saukarsa ba. C. C. Onoh, ɗan Ngwo, na cikin waɗanda suka ja ragamar fafutukar, ya kuma yi gwamnan tsohuwar Anambra na wata uku a ƙarshen 1983. Jihar da suke nema sai ran 27 ga Agusta 1991 suka same ta, lokacin da gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro jihar Enugu.