Abul Ƙasim Az-Zahrawi da Ciwon Rashin Daskarewar Jini

An haifi Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas wajen shekarar 936 a ƙasar Andalus. Ana danganta shi da Madinatuz Zahra, birnin sarauta da ke kusa da Ƙurɗuba, inda ya yi aikin likita a zamanin Halifa Hakam na Biyu. Ya rasu wajen 1013. Ibn Hazm ya lissafa shi cikin manyan likitocin Andalus.

Babban abin da ya bari shi ne littafin At-Tasrif mai maƙala 30. Ta ƙarshe ta tattauna ilimin fiɗa, tare da zanen kayan aiki kimanin 200. Gerard na Kiremona ya fassara ta zuwa Latin a ƙarni na 12, Turai kuwa ta daɗe tana karatu da ita.

A cikin wannan littafi ne ya kawo labarin wani ƙauye da mazajensa ke mutuwa saboda ƙaramin rauni. Da an yi wa ɗayansu tsaga, ko yaro ya goge dasashinsa da ƙarfi, sai jini ya yi ta zuba har rai ya yi halinsa. Maganin da ya bayar shi ne a yi wa wurin lalas. Masana tarihin likitanci na ɗaukar wannan bayani a matsayin na farko da wani likita ya yi kan ciwon himofiliya.

Sai a 1803 John Otto na Filadelfiya ya nuna cewa mata ne ke ɗauke da ciwon, maza kuma su kamu. Daga baya aka gano tushensa, wato ƙarancin sinadari na 8 ko na 9 daga cikin masu daskarar da jini. A yau gwajin jini ke tantance wanda ya yi ƙaranci, a mayar wa majiyyaci da shi ta allurar jijiya.

Hanyar Az-Zahrawi ta sauraron jama'a da bin diddigin dangi tana da amfani ga mai nazarin wanzanci. A Bakori da Funtuwa da Malumfashi, kamar sauran ƙasar Hausa, askar wanzami na taɓa yaro tun ranar suna, ta sake taɓa shi ranar kaciya. Tambaya ɗaya kafin a zaro aska, ko jini ya taɓa ƙin tsayawa ga kawunnan yaron ko yayyensa maza, tana iya ceton ransa.