James Holman, Makaho Matafiyi

An haifi James Holman a garin Exeter na ƙasar Ingila cikin shekarar 1786. Tun yana yaro ya shiga aikin sojan ruwa. Da ya kai shekara 25 sai ciwo ya kama shi, ya makance.

Holman bai zauna jiran ɗan jagora ba. Ya nemi sanda mai ƙarfe a baki. In yana tafiya sai ya riƙa ƙwanƙwasa ta a ƙasa, ya kasa kunne. Ƙarar ta kan bugi bango ko itace, ta komo masa. Da haka ya ke gane nisan abu. Ƙarar kofato kuwa ita ke gaya masa inda keken doki ya nufa, ya kauce.

Cikin 1822 ya tafi Rasha, har ya kai Siberiya. Aka zaci ɗan leƙen asiri ne, aka koro shi. Bai karaya ba. Cikin 1827 ya tashi kewaya duniya, ya biyo ta tsibirin Fernando Po, kusa da Nijeriya, bai gama ba sai 1832. Ya rubuta littattafan tafiye-tafiyensa, masu ido suka karanta, suka ƙaru. Ya rasu a London cikin 1857.