Ibnu Asim, Alƙalin Garnaɗa

An haifi Abubakar Ibnu Asim a Garnaɗa ta Andalus a shekarar 760 bayan Hijira, ya zama babban alƙalinta, ya rasu a 829, Allah Ya jiƙansa. Mun fi saninsa da Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalanmu ke dogaro da shi har yau. A cikinsa ya nuna cewa cutar da miji ke yi wa matarsa tana tabbata da shaidu, ko da labarin da ya bazu cikin jama'a. Wannan hangen nesa ne, domin dukan cikin ɗaki ba kasafai ake ganinsa ba, mu kuwa haƙuri kawai muka saba ba ta. Idan cutarwar ta tabbata, tana da haƙƙin a raba auren. In ƙara ta yawaita babu hujja, sai alƙali ya tura masu sulhu biyu daga danginsu.