Jibaka, jaririn kan juji da ya zama likitan sarki

A yau filinmu na tarihin manyan mutane ya kai mu ƙasar Indiya, wajen wani likita mai suna Jibaka wanda ya rayu kimanin shekara 2500 da suka wuce, a zamanin Buda. Addininsu daban, namu daban, amma a labarinsa akwai abin lura ga duk wanda ya taɓa ƙulle jarinsa a bakin zane ya kai wa mai magani.

Tsofaffin littattafan mabiya Buda sun ruwaito cewa an haife shi a birnin Rajagaha, aka jefar da shi kan juji yana jariri. Wani ɗan sarki mai suna Abaya ya hangi hankaki sun taru a wurin, ya tambaya, aka shaida masa jariri ne kuma da sauran ransa. Daga nan ya samu sunan Jibaka, wato rayayye. Ɗan sarkin ne ya rene shi.

Da ya girma sai ya ga ba shi da gadon da zai dogara da shi sai sana'a. Ya tafi Taksila, wadda ke cikin Pakistan ta yau, ya yi shekara 7 wajen wani babban likita. Don ya gwada shi, malamin ya tura shi ya zagaya bayan gari ya kawo tsiron da ba ya maganin komi. Ya dawo hannu wofi, malamin kuwa ya sallame shi, domin ilimi ya zauna.

A hanyar gida guzuri ya ƙare masa a garin Saketa. Can ya tarar da matar wani attajiri da ta shekara 7 tana fama da ciwon kai, likitoci sun ci kuɗinta a banza. Ya yarda kada a ba shi ko sisi sai ta warke. Ya dafa magani da man shanu ya ɗura mata ta hanci, man ya fito ta baki, sai ta sa aka kwashe shi da auduga. Gaban saurayin likita ya faɗi, yana tunanin mai wannan tsumulmula me za ta biya shi. Ta gane, ta nuna masa man zai yi amfani a fitila ko a shafa wa ƙafar barori, kuma tattali ba rowa ba ne. Da ta warke, ita da iyalinta suka ba shi kuɗi 16.000 na zamanin. Ashe ciwon da ya rage ba a kanta yake ba, a zuciyar likita yake.

Bayan ya warkar da Sarki Bimbisara daga wani ciwo mai kama da basir, ya ƙi karɓar tulin kayan adon da aka ba shi. Aka naɗa shi likitan fada da na Buda da almajiransa. Ya ba su gonarsa ta mangwaro suka zauna.

A nan ya samu abin da Taksila ba ta ba shi ba. Almajiran Buda kan zauna shiru, su tattara hankali kan numfashinsu, su lura da kwaɗayi ko tsoro ko ƙyama in sun taso, har su kwanta, sannan su yi fatan alheri ga duk mai rai. Koyarwarsu ta gindaya wa mai jinya sharuɗɗa 5: ya iya haɗa magani, ya san abin da ke amfanin majinyaci da mai cutar da shi, ya yi aikin don tausayi ba don abin duniya ba, kada ya ƙyamaci amai ko fitsari ko kashi, kuma ya iya kwantar masa da hankali da magana.

Wata rana sai ga ciwon da ba na saiwa ba. Ajatasattu ya kashe ubansa Bimbisara ya hau gado, hankalinsa ya ƙi kwanciya. Jibaka bai sayar masa da ƙulli ba, bai kuma yi masa daɗin baki ba. Ya kai shi gonar mangwaro a daren farin wata. Almajirai 1250 na zaune babu ko tari, har sarki ya tsorata, ya zaci tarko ne. Likita ya lallashe shi ya shiga, a ƙarshe ya amsa laifinsa da bakinsa.

Har yau ana nuna kangon wurin a Rajgir, cikin jihar Bihar, masu tausar gargajiya a Tailan kuma na girmama shi a matsayin uban sana'arsu. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya shigar da irin wannan zaman natsuwa cikin aikin asibiti a Amurka, yanzu likitocin ƙwaƙwalwa da dama na yin sa.

Mu ƴan kasuwa mun san mudu ba ya ha'inci, mai awo ne ke yi. Haka magani yake. In za mu miƙa ranmu ga likita ko mai maganin gargajiya, mu dubi halinsa tare da iliminsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.