Labarin Gwamna Lugga, Wanda Ya Yanka Garin Kaduna

An haifi Lugga a Madras, ƙasar Indiya, cikin 1858. Soja ne, bai gaji sarauta ba, jama'a kuwa ba su zaɓe shi ba. Gwamnatin Ingila ce ta ɗora shi bisa Arewa cikin 1900. Yana zaune Zungeru rundunarsa ta ci Kano da Sakkwato cikin 1903. Ya tafi cikin 1906.

Da ya komo cikin 1912 sai ya ƙi Zungeru saboda zafi da sauro, bai kuwa so zama cikin birnin wani sarki ba. Ya zaɓi wani fili cikin ƙasar Gwari, inda hanyar jirgi ta ƙetare kogin Kaduna. Soja suka fara sauka, Gwamnati ta tare cikin 1917. A shekarar nan ya kafa dokar garuruwa: Turawa waje guda, 'yan ƙasa waje guda, tsakaninsu fili yadi 440 ba mai gini ciki, wai don gudun zazzaɓi. Ƙasar Sarkin Zazzau ce, amma hukuncin tsakiyar gari sai Bature.

Fatake su suka ji abin a jika. Dā ayarin Kano da Zazzau yakan yi zango Birnin Gwari, ya ratsa dajinta zuwa Nufe da Gwanja. Jirgi bai bi ta nan ba. Kaya suka bi jirgi, ciniki ya karkata wajen Kaduna, zanguna suka yi sanyi.

Lugga ya bar mulkin Nijeriya cikin 1919, ya mutu Ingila cikin 1945. Tamat.